Inda Suka Fara Tashi

Mai Injin ake ce masa, tun yana da baƙin gashi har gashin ya ƙare gaba ɗaya. A ma'aikatar ruwa ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa, a ɗakin da manyan injuna ke tura ruwa zuwa cikin gari. Aikinsa ya zuba giris, ya duba allurar ma'auni, ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe ya ji ko ya ɗau zafi. Iliminsa bai wuce nan ba, bai kuma taɓa cewa ya wuce ba. Ƙarar injin ta koya masa magana da ƙarfi, ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙarƙashin farcensa baƙi ƙirin, babu sabulun da ya taɓa fitar da shi.

Gidan da yake ciki na ma'aikata ne. Ɗaki biyu, ɗan tsakar gida, bishiyar lemo da matarsa ta shuka, sai babban tankin ruwa a bayan katanga, tsaye kan dogayen ƙafafun ƙarfe. A nan aka haifi 'ya'yansa, a nan suka girma suka watse. Ya san gidan ba nasa ba ne, irin sanin da kowa ya yi wa mutuwa. Ya sani, amma bai taɓa zama ya yi tunanin ranar ba.

Da aka yi masa ritaya, aka ce ya shirya ya bar wa wanda ya gaje shi gidan. Babban ɗansa, mai gyaran firji, ya fara gina musu ɗaki a bayan gidansa, can ɗaya ƙarshen gari. Kafin ginin ya kammalu, Mai Injin ya zama alaƙaƙai a tsakar gida. Shirun ne ya dame shi. Da safe sai ya sa takalmin aiki, ya zauna a kan benci, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya kwance dutsen guga ya mayar. Ya kwance fanka.

"Malam, fankar nan lafiyarta ƙalau fa," in ji matarsa.

"Tana ƙara."

"Kai ne kake ƙara. Tashi ka je kasuwa ka samo mana kwalaye, mu fara ɗaure kaya."

Ya tafi. Kwali ɗaya ya dawo da shi, mai huji a gefe, wani abu na motsi a ciki.

Abin da ya faru shi ne, hanyar masu kwalaye ta bi ta gaban rumfar wani mai tantabaru, dogon mutum mai giɓi, wanda kashin tsuntsu ya yi wa hularsa ado. Mai Injin ya tsaya saboda kukan da ke fitowa daga kejin, wani gurnani mai taushi da ba ya yankewa. Ya yi kama da injin da ke aiki lafiya, in ka ji shi daga nesa. Bai faɗa wa kowa haka ba, amma abin da ya tsayar da shi ke nan.

"Baba, kiwo za a fara ne, ko ido ake ba abinci?" mai tantabaru ya tambaye shi.

"Ban taɓa riƙe ko kaza ba."

"To ka zo daidai, kaza wahala ce." Ya zura hannu ya kamo biyu, namiji mai ruwan toka da sheƙin kore a wuya, da mace fara mai ɗigon ja. "Waɗannan ba su taɓa tashi sama ba, a keji suka girma. Su ake ba ɗan koyo. Hatsi safe da yamma, ruwa mai tsabta, ɗan tsakuwa su tsattsaga. Ka rufe su su saba da wurin, sannan ka buɗe su da yunwa, kada ka buɗe su a ƙoshe. In ka kaɗa gwangwanin hatsi za su sauko."

"Ai tashi ma za mu yi daga gidan nan ba da jimawa ba."

Mai tantabaru ya daina murmushi. "To kada ka buɗe su sai kun tare a sabon wurin. Ka ji ni da kyau, Baba. Inda tantabara ta fara tashi ta kewaya, nan ne gidanta. Ko bayan duniya ka kai ta, can za ta koma."

Mai Injin ya ji shi sarai. Wannan ya kamata a faɗa, domin daga baya iyalinsa sun so su ɗora laifin a kan kunnensa. Kunnensa bai yi komai ba.

Matarsa ta leƙa kwalin, ta dube shi.

"Na aike ka neman abin da za mu zuba kaya, ka ƙaro mana kaya masu kashi."

Ya ajiye kwalin a inuwa. Ya jawo wani tsohon akwatin katako da aka taɓa kawo kayan injin a ciki, ya yanka masa ƙofa, ya buga raga a gaba, ya kafa masa ƙafafu don kada kyanwa ta kai. Kwana biyu yana aikin nan, yana auna komai kamar wani injiniya zai zo dubawa. Ya sa kaskon ƙasa a lungu, ya zuba ciyawa. Namijin ya fito yana kumbura ƙirji, yana zagaye wuri ɗaya ba tare da ya tsinana komai ba, sai Mai Injin ya raɗa masa Manaja. Macen kuwa, da yake ita ke kwashe hatsi tana gyara kasko, ta zama Sakatariya. Har matarsa sai da ta yi dariya, ta juya baya don kada ya gani.

Ginin ɗan nasa ya tsaya. Damina ta shigo, kwanon rufi ya yi tsada, birkila ya tafi wani aikin. Kowane mako da ya wuce, Mai Injin sai ya ƙara yarda cewa maganar tashin nan ba za ta tabbata ba. Ma'aikatar da ya yi wa bauta tun yana saurayi, ai ba za ta jefa shi waje ba. Wataƙila su nema wa sabon mai injin wani gidan. Babu wanda ya ce masa haka, shi ya faɗa wa kansa, ya kuma gaskata. Ga tantabarun kullum suna bugun raga da fiffike, har gashin goshin Sakatariya ya fara zubewa.

Wata safiya ya buɗe ƙofar.

"Ba cewa aka yi kada ka buɗe ba?" matarsa ta ce daga bakin murhu.

"Sau ɗaya ne. Su miƙe fiffike."

Suka fito suka tsaya kan katanga suna karkata kai. Can sai Manaja ya buga fiffike, Sakatariya ta bi shi. Suka yi sama, suka kewaya tankin ruwa, suka sake kewayawa, rana na haska cikinsu. Mai Injin ya tsaya baki buɗe, gwangwani a hannu, ya manta da shi. Da ya tuna ya kaɗa, sai ga su sun sauko kamar an jawo su da zare.

Ba a tsaya a sau ɗaya ba. Kullum ne, har damina ta wuce. A watannin nan ya daina kwance fanka, ya ƙara ƙiba, yana cin abinci ba tare da an yi masa magiya ba. Sai ginin ya kammalu, wani akawu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da ladabi, ya ce sabon mai injin yana jira, matarsa ma ta haihu, ɗakin hayarsu ya yi musu kaɗan.

Aka loda kaya a motar ɗaukar kaya. Akwatin tantabaru ne ya hau a ƙarshe, Mai Injin ya zauna kusa da shi a baya, ya ƙi shiga gaba.

Ɗakin da ɗansa ya gina ba shi da laifi. Akwai siminti a ƙasa, akwai taga, banɗaki na kusa. Sai dai tsakar gidan siririya ce, cike da matattun firji da ke jiran gyara, igiyar shanya ta ratsa ta sama. Aka matsa wani firji aka sa akwatin a lungu. Ya rufe su makonni, yana ganin ai hakan ya isa. Ranar da ya buɗe, da yunwa kamar yadda aka koya masa, ko kewaya gidan ba su yi ba. Suka yi sama, suka miƙe gabas, suka ɓace. Ya kaɗa gwangwani har hannunsa ya gaji.

Mota biyu ake shiga kafin a kai tsohon gidan. Ya same su zaune a kan katanga, daidai inda akwatinsu yake a da. Sabon mai injin, wanda shi Mai Injin ya koya wa riƙe sifana, ya fito da sauri yana gyara riga.

"Maigida, sannu da zuwa! Shigo mana, ai gidanka ne."

Bai kamata ya faɗi haka ba, su biyun duka sun sani. Mai Injin ya shiga da sallama cikin tsakar gidan da ya share shekara da shekaru yana shiga ba sallama. An sare reshen lemon da ke taɓa rufi. An yi wa ƙofa shuɗin fenti. Ya zuba hatsi a ƙasa, ya durƙusa, ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya sa a kwali.

Haka aka yi ta yi. Ya rufe, ya buɗe, su tafi, ya bi su. Masu motar layin suka san shi, har yaran mota na ce masa, "Baba, yau ma ma'aikatan sun gudu?" A zuwa na farko matar sabon mai injin ta kawo masa ruwa. Daga baya ta daina. Wata rana ta tare shi a bakin ƙofa, jariri a kafaɗa.

"Baba, don Allah kada ka ga rashin kunyata. Dubi kayan yaron nan. Na wanke na shanya, sun ɓata, na sake wankewa. Shi ba zai iya faɗa maka ba, nauyinka yake ji. Ni ce nake wankin."

"Za su saba, 'yata. Ki ƙara haƙuri."

"Su saba da ina? Ai sun riga sun saba."

A gida kuma ɗansa ya same shi yana wanke kaskon ruwa.

"Baba, mutane fa sun fara magana. Kullum kana hanya da kwali, ana cewa zaman gidana ne ba ka so. Wani har tambayata ya yi ko ba ma ba ka abinci."

"Tsuntsayena nake ɗaukowa."

"In saya maka wasu mana. Guda nawa kake so?"

"Wa ya ce maka wasu nake so?" Muryar ta fito da ƙarfin ɗakin injin, har surukarsa ta leƙo ta taga. Ɗan ya sunkuyar da kai ya koma kan firjinsa.

Mai Injin ya koma wurin mai tantabaru. Mutumin ya saurare shi yana sosa giɓinsa da tsinke.

"Ka buɗe su a can ke nan."

"Na buɗe."

"To Baba, ka kawo su in musanya maka da ƙanana. Shi ne sauƙi."

"Ban zo musanya ba."

Mai tantabaru ya yi ajiyar zuciya. "Saura dabara ɗaya, ita ma ba kullum take ci ba. Ka rufe su har su yi ƙwai su ƙyanƙyashe. In akwai 'yan shila a kasko, ka riƙa sakin ɗaya kana barin ɗaya. Wanda ya fita zai dawo saboda 'ya'yan. Kuma da zarar 'yan shilan sun fara gashi, iyayen za su nemi wurin sabon ƙwai. Ka sa musu kasko na biyu tun kafin su nema."

Ya bi maganar, rabinta. Ya rufe su. Sakatariya ta yi ƙwai biyu, tana kwanci, Manaja na karɓarta da rana, abin da ya sa matar Mai Injin ta ce ashe akwai manajan da ke aiki. Aka ƙyanƙyashe wasu abubuwa biyu munana, jajaye, masu manyan baki. Ya saki Manaja shi kaɗai, ya zauna kan wani firji da aka kwantar, bai ci ba bai sha ba. Kafin rana ta faɗi sai ga Manaja ya dira kan igiyar shanya, ya shige akwati, ya hau ɗura wa 'ya'yansa. Mai Injin ya shiga ɗaki ya ce wa matarsa, "Ya dawo," kamar mai ba da labarin haihuwa.

Ya saki Sakatariya ita kaɗai, ita ma ta dawo. Da abin ya yi ta maimaituwa, sai ya saki jiki, ya fara buɗe musu tare. Suna tafiya, suna dawowa. Kasko na biyu kuwa, akwatin ya yi ƙanƙanta, sai an faɗaɗa shi, faɗaɗawar kuma sai an matsa firjin wani, ga shi ba ya son ya sake roƙon ɗansa komai. Ya ce gobe.

Matarsa ce ta lura. Tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa ta ce, "Malam, Manajan nan naka ina yake kai tsinke? Tun jiya nake ganin yana ɗauka a baki yana fita da shi."

Ya yi dariya, ya ce wasa yake. Da dariyar ta ƙare sai ya tuna maganar kasko na biyu. Ya tashi ya hau neman katako. Kafin ya gama aunawa rana ta faɗi, ba su dawo ba. 'Yan shilan suka yi ta tsuwwa suna miƙa baki.

Da sassafe ya shiga motar farko. Matar sabon mai injin ce ta buɗe masa, ta nuna masa lungun katanga. A bayan wani tsohon bokiti, a ƙasa, daidai inda ƙafafun akwatin suka bar alama, an tara 'yan tsinkaye. Gefensu farin gashi ne a warwatse, mai ɗigon ja, da ƙwai ɗaya a fashe.

"Kyanwar maƙwabta ce," ta ce. "Wallahi Baba ban san a nan suka kwana ba. Da na sani da na kife musu kwando."

Ya durƙusa ya tattara gashin, bai san me zai yi da shi ba, ya zuba a aljihu. Manaja na can saman tankin ruwa, ɗan ɗigo a jikin sama. Mai Injin ya kaɗa gwangwani. Ya kaɗa ya sake kaɗawa, ya zuba hatsi a ƙasa, ya koma gefe ya tsaya. Tsuntsun bai sauko ba. Da rana ta take, matar ta kawo masa kujera da ruwa, ya sha ruwan, bai zauna ba. Ya ɗauki kwalinsa ba komai a ciki ya tafi. A mota yaran suka buɗe baki za su yi tsokanar da suka saba, suka dubi fuskarsa, suka fasa.

Ya tarar da matarsa zaune a ƙasa, ɗan shila ɗaya a cinyarta. Ta jiƙa hatsi ya yi taushi, tana buɗe bakin da yatsa tana tura masa ƙwaya ɗaya ɗaya.

"Tun safe suke ihu, sun hana ni sakat," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ina suke?"

Ya fito da gashin daga aljihu ya nuna mata.

Ta daɗe tana kallo. "An faɗa maka tun a kasuwa," ta ce. Sai ta tura masa kwanon da ƙafa. "Zauna ka ɗauki ɗayan. A hankali, ba sifana ba ce."

Yatsunsa sun yi kauri da wannan aiki, amma ya koya. Safe da rana da yamma suna ɗura, su biyu, a tsakanin matattun firji. Ƙaramin bai yi ƙwari ba, wata safiya aka same shi a sandare. Babban ya rayu, ya yi gashi ruwan toka irin na ubansa. Ɗan Mai Injin, ba tare da an roƙe shi ba, ya fitar da firji biyu waje, ya kawo katako ya ajiye a lungun. Mai Injin ya faɗaɗa akwatin, ya sa kasko biyu, ya sayo wata ƙaramar mace da ba ta taɓa tashi ba. Bai raɗa musu suna ba.

Ranar da ya buɗe su, suka hau igiyar shanya, suka yi sama, suka kewaya wani dogon ƙarfen sadarwa da ke bayan layin. Ya kaɗa gwangwani suka sauko. Matarsa ta ce, "To, waɗannan dai na nan ne." Ya ce, "Na nan ne," ya rufe ƙofar akwatin.

Manaja bai dawo ba. Sabon mai injin ya ce yana ganinsa a kan tanki, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci cikin tantabarun da ba su da mai su. Mai Injin ya daina shiga tsohon gidan, amma yakan ɗebi hatsi a aljihu ya shiga mota biyu, ya watsa a gindin tankin ta waje, ya juyo. Ɗansa ya daina yi masa magana a kai. Har yau in ya ce zai je gida, sai matarsa ta tambaye shi wanne.